Katon Inji, Ƙaramin Jiki: Tarihin Dashen Inji a Motocin Amurka Masu Ƙwanji

Gudun mota lissafi ne mai sauƙi: ƙarfin injinta a gefe guda, nauyin jikinta a ɗaya gefen. Mai son ta ƙara sauri, ko dai ya rage mata nauyi ko ya ƙara mata ƙarfi. Wanda kuwa ya haɗa biyun, ya ciro injin babbar mota ya ɗora wa ƙarama, ya samu hanya mafi arha zuwa ga gudun da a da sai mai hannu da shuni ke iya saye. A kan wannan dabara aka gina babi guda na tarihin motoci a Amurka, babin motoci masu ƙwanji: matsakaitan motoci masu ƙofa biyu da injin V8, tayoyin baya ke tura su, kuɗinsu kuma bai fi ƙarfin matashin ma'aikaci ba. Ganiyarsu ba ta wuce shekara goma ba, daga 1964 zuwa farkon shekarun 1970, amma har gobe ana sauke musu inji ana ɗora wanda ya fi shi.

Akwai masu ganin duk wanda ya taɓa injin irin wannan tsohuwar mota ya ɓata tarihi. Tarihin kansa bai ba su gaskiya duka ba, domin daga canjin inji aka haifi motocin. Dabarar ta faro ne a hannun samari a bayan gida, ta shiga garejin dillalai, ta kutsa masana'antun Detroit, da zamani ya juya kuma ta koma inda ta fito. A kowane zango darasi ɗaya ake sake koya: ɗora inji shi ne ɓangare mai sauƙi, sa motar ta iya ɗaukarsa shi ne aikin.

Amurkawa da lamba suke kiran injinansu, irin su 389 ko 427. Lambar girman cikin silindoji ce a ma'aunin inci kubik, kuma 427 ya yi daidai da lita 7.

Busassun tafkunan Kalifoniya

A 1932 Henry Ford ya sa injin V8 a mota mai arha. Kafin nan, silinda takwas kayan motocin attajirai ne. Girman injin 221 ne, wato lita 3.6, ƙarfinsa doki 65. Yau wannan ba abin faɗa ba ne, amma tsohuwar Model T da ta cika ƙasar doki 20 gare ta, Model A kuma 40. Ana tsakiyar matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan durƙushewar kasuwar hannun jari ta 1929, tsofaffin motoci sun yi arha ƙwarai. Da injinan V8 suka fara isa hannun 'yan gwangwan daga motocin da suka yi hatsari, samarin kudancin Kalifoniya suka ga dama ta samu. Sai su sayi Model A marar rufi, su kwance mata bamba da gilashi da murafun taya, duk abin da ba ya ƙara gudu, sannan su ɗora mata V8.

Wurin gwaji ma Allah ya hore musu. Arewa da Los Angeles, cikin hamadar Mojave, akwai busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage, ƙasa a daɓe sumul, mil da mil babu kwana babu ɗan sanda. Can suke kwana a ƙarshen mako, su tashi tsere da sassafe kafin rana ta yi zafi. Da haɗurra suka yi yawa, ƙungiyoyinsu suka haɗu a 1937 suka kafa SCTA domin tsara tsere da auna gudu da agogo.

Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da komai. Soja suka karɓe Muroc, samarin suka tafi fagen daga. Amma sun dawo da abin da ba su tafi da shi ba: sun iya walda, sun iya sassaƙa ƙarfe, wasunsu sun shekara suna gyaran injinan jiragen sama. A 1948 Robert Petersen ya fara buga mujallar Hot Rod, wadda ta kai labarin Kalifoniya kowane lungu na ƙasar. A 1951 Wally Parks ya kafa hukumar NHRA domin janye tsere daga titunan gari zuwa filaye masu ƙa'ida. Tun daga nan kwatan mil, wato mita 402 daga tsaye, ya zama ma'aunin da ake gwada kowace mota da shi.

A tsaunukan kudancin ƙasar kuwa wata buƙata ce daban ta haifi dabara iri ɗaya. Masu fasa-ƙwaurin barasa sukan ɗora manyan injinan Cadillac a motocin Ford na 1940, su ƙarfafa sifirin na baya don kaya, domin su tsere wa jami'an haraji. Daga cikinsu aka samu direbobi irin su Junior Johnson, wanda daga baya ya zama gwarzon tseren NASCAR.

Detroit ta kasa kunne

A 1949 Oldsmobile da Cadillac suka fito da sababbin injinan V8 masu bawul a ka, waɗanda suka fi na Ford shaƙar iska nesa ba kusa ba. Oldsmobile ta yi abin da samarin ke yi: ta ɗauki injin Rocket mai doki 135 da aka ƙera don babbar motarta, ta sa shi a ƙaramin bodi, ta kira motar 88. Nan da nan ta mamaye tseren NASCAR na farko-farko. A New York, wani bakanike mai suna Bill Frick ya mayar da abin sana'a, yana sa injin Cadillac a Ford da Studebaker yana sayarwa. Chrysler ta biyo da injin Hemi a 1951. A 1955 Chevrolet ta fitar da ƙaramin V8 mai lamba 265, aikin ƙungiyar injiniya Ed Cole: marar nauyi, mai arha, mai shiga kusan kowace mota. Cikin 'yan shekaru ya ture na Ford daga garejin samari.

Wanda ya kai dabarar idon duniya shi ne Carroll Shelby, mutumin Texas, tsohon mai kiwon kaji da ya ci tseren Le Mans na Faransa a 1959, kafin ciwon zuciya ya raba shi da tuƙin tsere. Ya ji labarin kamfanin AC na Ingila ya rasa mai ba shi inji don ƙaramar motarsa Ace, ya kuma san Ford ta yi sabon V8 marar nauyi. Sai ya haɗa su aure. A Fabrairun 1962 bodin farko ya sauka Los Angeles ta jirgin sama, aka ɗora masa inji 260 cikin sa'o'i kaɗan, aka samu Cobra. Da Shelby ya so ya hau zuwa 427 a 1965, sai ya tarar tsohon shasi ba zai ɗauka ba. Dole aka zana sabo mai kaurin bututu, aka sauya sifirin, aka faɗaɗa bodi. Injin ya tilasta a sake motar kusan gaba ɗayanta.

Asabar ɗaya a Milford

Kamfanin General Motors, uwar Chevrolet da Pontiac da Oldsmobile da Buick da Cadillac, shi ke sayar da kusan rabin motocin Amurka a lokacin, yana kuma tsoron gwamnati ta sa masa ido. A farkon 1963 ya haramta wa rassansa shiga tsere. Yana da wata doka kuma: matsakaiciyar mota ba za ta ɗauki injin da ya wuce 330 ba. Wannan ya fi cutar da Pontiac, wadda da tsere ta wanke sunanta daga zama motar tsofaffi.

Babban injiniyan Pontiac, John DeLorean, yakan tara mutanensa ranar Asabar a filin gwajin kamfanin da ke Milford, jihar Michigan. Wata rana a 1963 suna tsaye ƙarƙashin samfurin sabuwar Tempest da aka ɗaga sama, mai inji 326, sai Bill Collins ya lura cewa inji 389 na manyan motocin Pontiac zai zauna a wurin ba tare da wahala ba. Dalilin kuwa shi ne injinan V8 na Pontiac girmansu ɗaya ne daga waje, a ciki suka bambanta, kuma mazauninsu ɗaya ne. Russ Gee ya sa yaransa suka ɗora. Duk wanda DeLorean ya ba aron motar, da ƙyar ake karɓo ta.

Saura doka. Sabon samfurin mota sai da amincewar manya, amma ƙarin kaya a kan samfurin da ake da shi bai buƙaci haka ba. Sai suka sayar da GTO a matsayin ƙarin kaya a kan Tempest LeMans, kuɗinsa bai kai dala 300 ba, ƙarfinsa doki 325, ko 348 in an sa kafireto uku. Shugaban Pontiac, Pete Estes, ya ɗauki kasadar. Sashen ciniki ya yi hasashen mota 5,000. Aka sayar da 32,450 a 1964, a 1966 kuma kusan 97,000. Ganin kuɗi, manyan kamfanin suka kau da kai, suka ɗaga iyakar zuwa 400.

Har shaharar motar ma da canjin inji aka gina ta. A Maris 1964 mujallar Car and Driver ta buga gwajin GTO da lambobin gudu masu ban mamaki. Shekaru da yawa bayan haka, Jim Wangers, mai tallata Pontiac, ya bayyana cewa motar da aka auna gudunta inji 421 ke cikinta, an ɗora shi a ɓoye, kuma babu mai iya bambance shi da 389 da ido. Abin da ba a canja ba shi ne birki. GTO ta farko da ƙananan birkin ganga na Tempest ta fito, masu ɗaukar zafi su saki bayan taka biyu ko uku masu ƙarfi. Masu gwaji sun koka da haka tun a lokacin, kuma wannan giɓi tsakanin ƙarfin tafiya da ƙarfin tsayawa ya bi motoci masu ƙwanji har ƙarshen zamaninsu.

Dillalai sun karɓi sifana

Iyakar 400 ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai gareji da ƙarfin hali. Chevrolet tana da inji 427 mai doki 425, amma a Corvette da manyan motoci kawai take sa shi. Don Yenko, dillali kuma ɗan tsere a garin Canonsburg na jihar Pennsylvania, sai ya riƙa yin odar sababbin Camaro a 1967, kanikawansa su sauke injin da suka zo da shi, su ɗora 427. Nickey a Chicago da Dana a Kalifoniya suna yin haka su ma. A Baldwin ta jihar New York, Joel Rosen na Motion Performance har takardar alkawari yake bayarwa: motarsa mafi ƙarfi za ta cinye kwatan mil cikin daƙiƙa 11.5, in ba haka ba a mayar maka da kuɗinka.

Aikin hannu yana da tsada, ga tulin sababbin injinan da aka sauke sai an nemo musu kasuwa. Sai aka gano wata ɓarauniyar hanya. Chevrolet tana da tsarin oda na musamman mai suna COPO, wanda aka tanada don motocin 'yan sanda da tasi da na kamfanoni. Ta nan Yenko ya sa masana'anta da kanta ta ɗora 427 a Camaro 201 a 1969. Fred Gibb, dillali a ƙauyen La Harpe na jihar Illinois, ya wuce nan: ya yi odar 50 masu injin ZL1, wato 427 na alminiyam zalla. Da motocin suka iso, kuɗin kowace ya haura dala 7,200, injin kaɗai ya fi motar tsada. Gibb ya kasa sayar da yawancinsu, ya mayar wa kamfani. Guda 69 aka ƙera duka duka.

A ɓangaren Ford, Bob Tasca na jihar Rhode Island ya gaji da ganin Mustang mai inji 390 tana shan kashi a titi. Da injin wata Mustang tasa ya fashe a 1967, kanikawansa suka haɗa mata 428 na motocin 'yan sanda da kawunan silinda na 427. Mujallar Hot Rod ta ba da labarin, ta nemi masu karatu su rubuta wa Henry Ford II. Wasiƙu suka yi ta kwarara, a Afrilun 1968 kuma Ford ta fitar da 428 Cobra Jet. A Chicago, an gaya wa Norm Kraus na Grand Spaulding Dodge cewa inji 383 ba zai shiga ƙaramar Dart ba. Yaransa suka shigar da shi, ya kai motar Detroit, gani ya kori ji.

Inda aka sa guduma

Iyakar wannan dabara ta fito fili a 1968, lokacin da Chrysler ta ƙudurta sa Hemi 426 a Dart da Barracuda domin tseren kwatan mil. Hemi inji ne mai faɗin kafaɗa, har ana masa laƙabi da giwa. Ramin injin Dart kuwa ba don inji mai faɗi haka aka zana shi ba. Aka kwashi motocin ba inji zuwa wani garejin kamfanin Hurst kusa da Detroit. Can ma'aikaci zai ɗauki babbar guduma ya yi ta dukan mazaunin shakazoba na dama har ƙarfen ya lotsa ciki, don murfin bawul ya samu wurin zama. Aka gusar da tukunyar man birki gefe. Aka kai wani katon batir cikin but don ya danne tayoyin baya. Aka tsoma ƙofofi cikin asid su yi siriri, aka cire kujerar baya da hita, aka sa gilashi marar kauri wanda da ɗamara ake jan sa sama. Ko fenti ba a yi musu ba, da farar ƙasa mai ruwan toka aka sayar da su, tare da takardar gargaɗin cewa ba na hawa titi ba ne. Kimanin Dart 80 da Barracuda 70 aka yi, kuma har yanzu irinsu na fafatawa duk shekara a Indianapolis.

Ford ma ta sha irin wannan a 1969. Dokar NASCAR ta ce sai an sayar wa jama'a motoci 500 masu wani inji kafin a shiga tsere da shi. Injin Boss 429 ya fi ramin Mustang faɗi, sai aka riƙa kai motocin kamfanin Kar Kraft a garin Brighton, ana yanke mazaunan shakazoba ana matsar da su waje, ana sake tsarin ƙafafun gaba, batir kuma ya koma but. Barracuda mai inji 440 ta wannan shekara kuwa ba ta samu na'urar sauƙaƙa sitiyari ba, ba ta samu ta ƙarfafa birki ba, saboda babu inda za a sa su. Mota ce mai tashi kamar me a miƙaƙƙen titi, mai wahalar juyawa a kwana.

Ganiya da faɗuwa

A 1970 General Motors ta janye iyakar gaba ɗaya. Chevelle ta samu 454 mai doki 450, Buick da Oldsmobile da Pontiac suka samu 455. Abin da dillalai ke yi a ɓoye ya zama kayan kanti. Amma a shekarar ce ƙasa ta fara zamewa. Kamfanonin inshora, ganin yawan haɗurran samari, suka lafta kuɗi mai nauyi a kan manyan injina, har wani matashin kan biya inshora kusan abin da yake biya na bashin motar. A Disamba 1970 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar tsabtace iska, wadda ta nemi a rage gubar hayaƙin mota da kashi 90 cikin ɗari. Ed Cole, wanda a lokacin ya zama shugaban General Motors, ya ba da umarnin rage matsin silinda a duk injinan 1971 don su iya shan fetur marar dalma. Hemi 426 ya yi bankwana a 1971. A 1972 aka koma auna ƙarfin inji da duk kayansa a jiki, lambobin suka ƙara faɗuwa.

Sai Oktoban 1973, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka hana Amurka fetur saboda goyon bayanta ga Isra'ila. Gangar ɗanyen mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12. Tashin da ya cika baitulmalin Najeriya a zamanin Janar Gowon, shi ne ya jera Amurkawa a layin gidan mai. Aka kafa iyakar gudu ta mil 55 a awa a 1974. A shekarar GTO da Barracuda da Challenger suka ƙare, Mustang ta fito ba V8, hukuma kuma ta taka wa Joel Rosen birki saboda cire na'urorin rage hayaƙi.

Komawa bayan gida

Motar da ke shan mai kamar rariya ta zama kaya a wuyan mai ita. A ƙarshen shekarun 1970 ana sayar da su da 'yan ɗaruruwan daloli, ɗaliban sakandare ke saye. Wuraren 'yan gwangwan kuma cike suke da manyan injina: 454 daga motocin ɗaukar kaya, 440 daga manyan Chrysler, 460 daga Lincoln, 455 daga Buick da Oldsmobile. Duk wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya san yadda ake zagaya inji a ƙasa, a juya karanshaf da hannu, a leƙa ramin filogi, a shinshina baƙin mai kafin a yi ciniki. Bambancin shi ne mu don mota ta ci gaba da neman abinci muke canja inji, su kuwa don ta ƙara gudu.

A nan ne dubban mutane suka koyi abin da Shelby da Hurst suka riga suka sani. Ɗauki Chevelle ko Nova da ta zo da ƙaramin V8, a ce za a ɗora mata 454. An rataye injin da sarƙa, ana sauke shi a hankali, mutum ɗaya na riƙe da wutsiyar giyabos. Saura inci biyu ya zauna sai ka ji ƙwas: kaskon baƙin mai ya daki gadar ƙarfen da ke ƙarƙashi. A ɗaga, a nemo wani kaskon. Ya zauna, sai bututun salansa na hagu ya jingina da akwatin sitiyari, murfin bawul kuma ya tokare tukunyar birki. An warware wannan, bonet ya ƙi rufuwa saboda tsayin kafireto. Duk wannan ba a ma tayar da inji ba tukuna.

Da an tayar, sai sauran motar ta fara kawo ƙara. Babban inji ya fi ƙarami nauyi da kilo 50 ko fiye, duk a kan hancin mota, don haka sifirin na gaba ya durƙusa, mota ta riƙa zarcewa a kwana. Tsohon lagireto ba zai iya da zafin ba, ruwa ya tafasa a cunkoso. Siririn bututun fetur ba ya kai isasshen mai, inji ya shaƙe daidai lokacin da aka taka totur. Giyabos da aka yi don rabin wannan ƙarfi ya ƙone, shi ya sa ake neman Turbo 400 ko Muncie, masu Chrysler kuma TorqueFlite 727. An gyara giya, sai farfela ta murɗe ko haƙoran aksil na baya su zube, a koma neman aksil mai noti 12, ko na Ford mai inci 9, ko Dana 60. Motocin da bodinsu da shasinsu haɗe suke, irin su Mustang da Camaro, sai an yi musu waldar ƙarafa a ƙasa, in ba haka ba jikin ya murɗe har ƙofa ta daina rufuwa daidai. Kowane ƙarfi da aka ƙara yana bin layi yana neman abu mafi rauni ya karya. A ƙarshen layin kuma akwai birki, wanda shi ya kamata a fara da shi, domin shi kaɗai ne lalacewarsa ke cin rai.

Inji a cikin akwati

Kamfanonin sun lura da wannan kasuwa, suka shiga sayar da sabon inji cikakke a akwatin katako, a kai maka har ƙofar gida. Babban sauyi ya zo a 1997, da Corvette ta fito da injin LS1: lita 5.7, alminiyam, doki 345 a sabon ma'auni, kwamfuta ke raba masa mai. Daga 1999 'yan'uwansa na ƙarfe masu lita 4.8 da 5.3 da 6.0 suka cika miliyoyin motocin ɗaukar kaya, daga baya suka cika wuraren 'yan gwangwan. Ga inji ƙarami a jiki, marar nauyi, mai tashi bugu ɗaya da sanyin safiya, mai ƙarfin da ke gogayya da ƙattin 1970 da rabin shan mansu. Daga nan girman inji ya daina zama girman silinda kawai. Aikin bakanike ma ya sauya: wanda ya saba da sukudireba a kan kafireto, yanzu sai ya iya wayoyi da famfon mai mai matsi da saita kwamfuta.

Masu son girma na gaske ma ba a bar su a baya ba. A 2018 Mopar, sashen kayan gyara na Chrysler, ta nuna injin Hellephant mai doki 1,000 cikin Charger ta 1968 a bajekolin SEMA na Las Vegas. A 2021 Chevrolet ta fitar da ZZ632, lita 10.3, doki 1,004. A shekarar kuma Ford ta fara sayar da injin lantarki na dashe mai suna Eluminator. Doka ma tana da hannu a zaɓin mota: a Kalifoniya motocin 1975 zuwa baya ba sa zuwa gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci, abin da ya ƙara wa tsofaffin bodi daraja.

A ɗaya ɓangaren, motocin da ba a taɓa ba sun zama dukiya. Daga ƙarshen shekarun 1960 ana buga wani sashe na lambar mota a jikin injinta, kuma masu tara motoci da tocila suke bin wannan lamba. A 2014 an sayar da Barracuda mai Hemi ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi, da injinta na asali, a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum a Seattle. Wannan daraja ce ta kafa gardama tsakanin masu adanawa da masu sauyawa.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, kuma raba su ba shi da wuya. Motar da guda 69 aka yi irinta shaida ce ta wani zamani, wanda ya yanka ta ya yi wa na baya asara. Amma Chevelle da Mustang da Dart na gama-gari, masu silinda shida ko ƙaramin V8, dubu ɗaruruwa aka ƙera su, kuma da yawansu sabon inji ne ya cece su daga ruɓewa a bayan gida. Wanda ya ɗora wa irin wannan babban inji, ya gyara birki da ƙafafu da shasi daidai da ƙarfin, ya kuma adana tsohon injin don mai son mayarwa wata rana, magajin Collins da Yenko da Tasca ne na halak.

Akwai kuma abin da ya fi motocin kansu muhimmanci. Motar yau a rufe take, kwamfutocinta ba sa sakin sirrinsu sai ga na'urar kamfani. Tsohuwar mota mai ƙwanji kuwa a buɗe take: mutum na iya bin ƙarfi da idonsa daga fistin zuwa taya, ya ga inda ya karye, ya gane dalili. A irin wannan gareji ne yara da yawa suka fara riƙe wa iyayensu fitila, suka tashi suka zama masu walda da injiniyoyi. Sana'ar hannu ba ta rayuwa a gidan tarihi, sai inda ake kwancewa ana ɗaurawa, ana kuskure ana gyarawa. Muddin ana sauke inji ana ɗora wani a waɗannan motoci, makarantar nan ba za ta rufe ba.